Kulocin da Ya Cinye Cikin Wata Huɗu

Ranar Talata da hantsi surukina ya shigo garejinmu da ƙafa, babu mota. Ina kwance ƙarƙashin wata motar kaya ina fama da wani noti da ya ci tsatsa, sai na ga takalmansa sun tsaya daidai kaina. Na fito da sauri har na buga goshi a jikin ƙarfe, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, sannan ya ce motarsa tana can a hawan da ke bayan asibiti, ta ƙi gaba. Inji yana ihu, mota ba ta zuwa ko'ina.

Uban matata ne. Mu a gida Baba muke ce masa, mutanen waje kuma Direba. Shekara talatin da takwas ya yi yana tuƙa motocin wani kamfani, ko fitila bai taɓa fasawa ba. Da ya ajiye aiki sai ya ƙi zaman gida. Ya sayi wata tsohuwar mota mai dogon baya, ya cire kujerun bayan, ya samu aikin raba burodi: kullum da sassafe ya je gidan burodi a loda masa, ya bi shaguna goma sha huɗu yana saukewa, kafin hantsi ya dawo gida. 'Ya'yansa sun yi fama da shi ya huta har sun gaji, shi kuwa ya ce in dai yana iya kunna mota da safe, kada wanda ya kira shi tsoho. Wannan aikin ne yanzu yake neman kuɓuce masa. Mai gidan burodi ya turo wata mota ta kwashe kayan daga kan hanya, ya kuma gaya wa Baba a gaban mutane cewa wannan karo na biyu ke nan. Ya ba shi zuwa Juma'a. In motar ta dawo lafiya, shi ke nan. In ta sake tsayawa da burodinsa a ciki, zai ba wani layin.

Karo na farko wata huɗu ke nan, kuma ni na yi gyaran. Kuloci ne ya cinye, na sa sabo da hannuna. Kuloci kuwa abu ne da ke yin shekara huɗu ko biyar, a ƙafar direban kirki ma ya wuce haka. Shi ya sa tun a hanya, muna tafe ni da Dogo abokin aikina za mu jawo motar, nake ta rantsuwa cewa ko me ya same ta, ba dai kuloci ba.

Kuloci ne. Tun kafin in buɗe ƙofa ƙaurin ya tare ni, irin ƙaurin da ake ji in an manta dutsen guga a kan tufa. Na shiga, na ja birkin hannu, na kunna, na sa giya ta huɗu, na saki feda a hankali. Motar da kulocinta ke da lafiya, inji zai mutu nan take, don faifan da ke cikin kulocin ya kama kuma tayoyi ba su da halin juyawa. Wannan ko gezau. Na ɗauke ƙafa gaba ɗaya, inji yana ta harkarsa kamar ba a sa giya ba. Na sake gwadawa, na kuma sakewa, wai ko amsar za ta canza. Dogo ya leƙo ta taga ya ce in bari haka nan, in ba so nake in ƙarasa ƙone abin da ya rage ba.

Baba yana tsaye a gefen hanya, hannuwa a baya. Da faɗa ya yi mini da na fi jin daɗi. Sai ya tambaye ni a hankali, "Wancan da ka sa mini, sabo ne kuwa?"

Na ce sabo ne fil, a kwalinsa na buɗe shi. Ya ce to, Allah ya sa a dace, ya tari mota ya tafi gida. Ni mutum ne mai saurin hawa, duk garejin sun sani, kuma da wani ne ya yi mini wannan tambayar da sai an riƙe ni. Amma mutumin da ya ba ka 'yarsa ba ka da bakin yi masa musu. Na haɗiye, na sauke fushin a kan igiyar jan mota, wadda ba ta yi mini laifin komai ba.

Da muka isa gareji na fara da tuhumar kaina. Akwai ɗan sarari da ake bari a fedar kuloci, ka taka ta ta ɗan sauka a banza kafin ta fara aiki. In bakanike ya ɗaure wayar kuloci da yawa, wannan sararin ya ɓace, sai kuloci ya zauna kullum kamar an ɗan taka shi, ya yi ta gogawa har ya cinye. Na ce wataƙila abin da na yi ke nan, wataƙila rawar jikin yi wa suruki aiki ta sa na matse. Na sa hannu na danna fedar. Sararin ya ragu, amma yana nan. Na ɗaga shimfiɗar ƙasa ko ita ke tokare fedar, ba ita ba ce. Na duba sifirin ɗin da ke dawo da fedar sama, lafiyarsa lau. Na zauna a bakin ƙofar motar na rasa abin da zan zarga.

Ina nan zaune wayata ta yi ƙara. Mama ce, surukata. Ta ce Baba ya dawo bai ce wa kowa uffan ba, ya shige ɗaki, abinci ma bai duba ba, shi ne ta ce bari ta ji daga gare ni. Ni kuma don kada in cika ta da zancen kanikanci, sai na ce mata ba wani abu ba ne, giya ce ke ba shi wahala, kuma da alama an ɗan jima ana fama, yau ne dai abin ya fito fili a kan hanya.

Sai na ji ta saki salati.

"Giya? A waɗannan shekarun nasa? Dama na ga take-taken. Na ga tafiyarsa ta canza, wani lokaci in ya tashi sai ya dafa bango. Na yi ta shinshina rigunansa ban ji komai ba."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce Mama, giyar mota, ta mota nake nufi, wadda ake sawa ta ɗaya, ta biyu. Na maimaita ya fi sau biyar, ina rantsuwa, Dogo yana gefe ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye. Da ƙyar ta yarda. Ta ce in rufa mata asiri kada Baba ya ji ta yi masa wannan zaton, ni ma na ce ta rufa mini nawa. Na kashe waya kunya kamar in nutse. Mutumin da ko sigari bai taɓa kai wa baki ba, ga shi na kusa mayar da shi mashayi da kalma ɗaya. Maganar dafa bango kuwa ban ko tsaya a kanta ba, na ɗauka irin abin da tsoro ke sa mutum ya faɗa ne.

Laraba muka sauke giyabos, wato akwatin giyar mota. Wanda bai taɓa yi ba yana ganin canjin kuloci ƙaramin aiki ne, tunda faifan bai fi murfin tukunya ba. Amma yana can a tsakanin inji da giyabos, sai ka kwance rabin gaban mota kafin ka gan shi. Muka cire kan batir, muka ɗaga motar muka tokare ta, muka cire tayoyin gaba, muka tsiyaye man giya a roba, muka zare sandunan da ke juya tayoyi. Sannan notunan da suka zagaye giyabos, waɗanda kullum akwai ɗaya da aka ɓoye a inda hannun ɗan adam ba ya shiga. Dogo ya tallafa daga ƙasa, ni ina girgizawa daga sama, har ya zame ya fito.

Fatana ɗaya a lokacin, in tarar da mai. In robar da ke tare baƙin mai a bayan inji ta mutu, mai yana ɗiga a kan faifai, faifai ya yi santsi, sai in ce ga dalili, ba laifina ba, ba laifin kowa ba. Na haska ciki. A bushe yake ƙamas, sai baƙar ƙura da ta cika ko'ina. Na kwance murfin da ke matse faifan, faifan ya faɗo hannuna. Ya cinye har ƙusoshin jikinsa sun fito suna ƙyalli. Fuskar filawil, babban ƙarfen da faifan ke kamawa, ta yi tabo shuɗi-shuɗi saboda zafi. Boris ɗin da ke tura yatsun murfin in an taka feda, na juya shi da hannu yana ƙara kamar an zuba masa yashi. Su kansu yatsun murfin, bakinsu ya kwarzane ya yi zobe.

Na juya faifan gaba da baya. Wannan kayan in aka ce mini shekara shida suka yi a motar haya, ba zan yi musu ba. Ni kuwa na san ranar da na sa su.

Dogo ya karɓi boris ɗin ya juya, ya dubi yatsun, ya ce, "Wannan ƙafa ce."

Na ce wace ƙafa. Ya ce ƙafar mai tuƙi. Boris ba ya taɓa yatsu sai an taka feda. In ya cinye haka cikin wata huɗu, to akwai wanda ke ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya da ita, ba ya ɗaukewa. Na ce masa ya san wanda yake magana a kai kuwa? Mutumin da ya koya wa rabin direbobin kamfaninsu mota? Ɗora ƙafa a kan kuloci aikin ɗan koyo ne, wanda bai yi sati biyu da riƙe sitiyari ba. Dogo ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai ƙarfe yake karantawa, ba tarihin mutane ba.

Ban saurare shi ba. Na naɗe faifan a tsumma na nufi shagon Orijina. Sunan da muka sa masa ke nan, don ko tsintsiya ya sayar maka sai ya ce orijina ce. A wurinsa na sayi kayan. Na shiga ko sallama ban ƙarasa ba, na dangwara faifan a kan kantarsa, na ce masa ya duba abin da ya sayar mini, ya sa na ji kunya a gaban surukina. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba zan maimaita ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya sa tabarau, ya duba lambar jikin faifan, ya ce lallai nasa ne, kuma kwali goma ya kawo a wancan lodin, ya lissafa mini motocin da suka shiga. Biyu daga ciki a garejinmu aka sa su, ɗaya ma ni na ɗaure. Duk suna kan hanya, babu wadda ta dawo.

Ya sake juya faifan, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ke koyon mota da ita?"

Nan na yi sanyi. Na karɓi sabon saiti, faifai da murfi da boris, na ba shi haƙuri rabi-rabi na fito. A hanya wata dabara ta faɗo mini, har na ji sauƙi: ai ba dole Baba ne ba. Wani ne ke ɗaukar motar da rana in Baba yana hutawa. Ina isa gida na tambayi maiɗakina wa ke koyon tuƙi a gidansu. Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce makullin motar nan a aljihun Baba yake kwana, ko wanka zai shiga sai ya rataye rigar a inda yake hango ta. Ita da take 'yarsa ta fari, sau ɗaya ta zauna a kujerar direba, mota a kashe, ya ce ta sauka. Ta tambaye ni me ya faru, na ce ba komai, aiki ne. Ta ce in dai motar za ta tashi kafin Juma'a, don tun safe Baba yake zaune a ƙofar gida yana kallon inda yake ajiye ta.

To ga inda na tsaya. Ba waya ba ce, ba mai ba ne, ba kayan jabu ba ne, ba ɗan koyo ba ne. Ƙarfe ya ce ƙafa, ƙafar kuma ta mutumin da na san ba zai yi haka ba. Kaina ya ɗaure tamau. Har tunani na yi ko burodi ya fi nauyin da nake zato.

Alhamis muka ɗaure. Tun da safe na kai filawil aka goge fuskarsa ta dawo sumul. Na canza robar mai ta bayan inji duk da lafiyarta ƙalau, don kawai kada a ce. Na wanke komai da fetur, na duba rubutun jikin sabon faifan sau uku don kada in juya shi baibai, abin da ban taɓa buƙatar dubawa ba tun ina koyon aiki. Muna da wani guntun ƙarfe da muka yanko daga mataccen giyabos, shi muke zurawa ta tsakiyar faifai don ya zauna daidai cibiya. In ya kauce ko kaɗan, giyabos ba zai koma ba, sai ku wuni kuna zagin juna. Na zura shi, na ɗaure notunan murfi kaɗan-kaɗan, wannan sannan na ɗaya gefen, har suka zauna. Na shafa wa hanyar boris ɗan giris. Dogo ya ɗaga, na daidaita, giyabos ya shige a tashin farko. Muka mayar da komai, muka zuba mai, na saita feda na bar mata sararinta, na auna da yatsa, na sa Dogo ma ya auna.

Na ja birkin hannu, na sa ta huɗu, na saki feda. Inji ya mutu nan take. Na fita da ita, na je hawan bayan asibiti na haye sau uku, ta ƙarshe ma da Dogo da buhunan siminti biyu a baya. Tana hawa kamar ba ita ba. Da a ce wata motar ce da na yi murna. Amma wata huɗu da suka wuce ma haka ta hau.

Da yamma na kai wa Baba motar. Ya zagaye ta, ya shiga ya taka feda, ya gyaɗa kai, ya sa mini albarka. Fuskarsa ta saki, har ya tambayi lafiyar Dogo. Na ce masa ina so in bi shi gobe, wai akwai wata 'yar ƙara da nake son in saurara in mota tana ɗauke da kaya. Ƙarya ce, babu wata ƙara. Ya ce to, in zo da wuri, shi ba ya jiran kowa.

Juma'a gari na wayewa muna gidan burodi. Mai gidan ya fito ya dubi motar, ya dubi Baba, ya ce yau za a gani. Aka loda tire-tire har rufi, ƙamshi ya cika motar. Na zauna a gefe, muka kama hanya.

Ban taɓa zama a motar da Baba ke tuƙawa ba tun bayan aurena, kuma na manta yadda yake. Ba ka jin lokacin da ya canza giya. Hannu ɗaya a sitiyari, ido yana can gaba, rami tun bai iso ba ya riga ya kauce masa. Na ji haushin kaina da na saurari Dogo. Na fara shirya kalaman da zan gaya masa in na koma.

Muna kan miƙaƙƙiyar hanya a giya ta huɗu sai kunnena ya tsinci wani siririn sauti, kamar kukan sauro. Boris ne ke juyawa. Boris kuwa ba shi da dalilin juyawa a nan. Na sunkuyar da kai kamar ina gyara takalmina, na leƙa. Ƙafar Baba ta hagu tana kan feda. Ba taɓawa kawai ba, ta danna ta ta sauka kusan kashi ɗaya cikin uku.

Na ɗago. Na jira ko zai ɗauke, bai ɗauke ba. Ya rage gudu, ya taka, ya sa ta uku, ya saki, ƙafar ta dawo rabi ta tsaya a nan. Fuskarsa kuwa a sake, har yana nuna mini wani shago da ya ce da can nasa layin ne. Na rasa ta inda zan fara. Na tambaye shi ko kujerar ta matso gaba da yawa, tunda na zauna a kanta jiya. Ya ce daidai take. Na ce ko fedar ta yi masa tauri. Ya ce ta yi laushi ma, aikin ya yi kyau. Muka iso gindin hawan bayan asibiti, ya ba ta wuta, na ji inji ya ɗaga murya fiye da gudun da muke yi. Sabon faifan da na sa jiya ne yake gogawa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ƙafarka tana kan kuloci."

Bai ko juyo ba. "Ƙafata tana ƙasa."

"Don Allah Baba, ka duba."

Ya sha mur. Bai duba ba, don shi ba ya kallon ƙafa yana tuƙi. Ya lallaɓa motar ta ƙarasa hawan, ya sa sigina, ya gangara gefe, ya fitar da giya, ya ja birkin hannu. Ina jin numfashinsa, na san yana shirin gaya mini maganar da bai taɓa gaya mini ba. Sannan ya sunkuya ya duba.

Ƙafar tana nan a kan feda. Kuma babu takalmi a jikinta. Takalmin ya saɓule tun ban san yaushe ba, yana kwance can kusa da kujera, tafin ƙafarsa tsirara a kan ƙarfe.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya ɗago ƙafar ya ɗora a kan gwiwa, kamar kayan wani da aka ba shi ajiya. Ya matsa yatsun. Ya kashe mota, ya zare makulli, ya danna bakinsa a tafin ƙafar, ya danna da ƙarfi har wurin ya lotsa. Ya matsa sama ya sake dannawa, ya sake, sai da ya kai idon sawu sannan na ga ya ɗan motsa. Ya ce, ba da ni yake ba sosai, ya jima yana jin kamar a kan auduga yake tafiya. Ya ɗauka sanyin safiya ne.

Ni da na kwana uku ina neman amsa, ga ta na samu, kuma da na san ita ce da na gwammace a ce ni na ɓata aikin. Tausayinsa ya kama ni. Na fara zuba magana ba tsari. Na ce ga asibiti nan a bayanmu, mu shiga yanzu, irin wannan ana magani. Na ce kuloci ba komai ba ne, duk wata huɗu zan canza masa, babu wanda zai ji. Na ce ko kuma mu nemo mota mai canza giya da kanta, wadda ba ta da fedar hagu gaba ɗaya, na ma san inda akwai wata.

Ya sauke ƙafar hagu, ya cire takalmin dama, ya ɗago ta. Ya danna makullin a babban yatsa. Ya danna a tsakiyar tafin. Ya tsaya, ya sake dannawa, yana saurare kamar yadda nake sauraron inji.

"Wannan ina ji," ya ce. "Amma daga nesa." Ya sauke ƙafar. "Ita ce ke kan birki."

Daga nan ban sake kawo wata dabara ba. Motoci suna ta wuce mu, ga mutane suna tsallaka hanya za su asibiti, wata mata riƙe da hannun wata tsohuwa sun bi ta gaban motarmu a hankali. Baba ya bi su da ido har suka haye. Sannan ya mayar da takalmansa, yana kallo yana sawa, ya buɗe ƙofa ya fita. Ya dafa bonet ya zagayo ta gefena, ya tsaya. Sai da ya ƙwanƙwasa gilashi na gane abin da yake nufi. Na fito, ya miƙo mini makullin, ya ce burodin mutane yana hucewa, asibiti sai mun gama.

Na tuƙa, yana gaya mini hanya. A shagon farko mai shagon ya fito da fara'arsa ya nufo tagar direba yana cewa Direba yau an makara, sai ya gan ni, ya yi turus. Baba ya ce masa daga ɗaya gefen, surukina ne, tire biyu ne naka. Haka muka bi shaguna goma sha huɗu, kowanne sai an zo tagata an nemi Baba, kowanne sai ya amsa daga inda ba a saba ganinsa ba. Bai yi kuskuren tire ko ɗaya ba.

Da muka sauke na ƙarshe na kama hanyar asibiti. Ya ce a'a, in fara kai shi gidan burodi. Na ce ai mota ba ta tsaya ba, an kai kaya a kan lokaci, mai gidan ba shi da abin cewa, mu bari sai mun ji daga likita.

"Na sani," ya ce. "Ni ke da abin cewa. Gara ya ji daga bakina."

Na juya motar. Muna isowa kwanar gidan burodin na rage gudu, sai na ga hannunsa na dama ya tashi da kansa zai sauko da giya, ya tarar da ƙofa. Ya bar hannun a nan, ya riƙe mariƙin ƙofar har muka tsaya.